Sunayen Abinci da Turanci a Shekarar Fari

Bana ruwa ya yi jinkiri a Gumel. Hadari yakan haɗo daga gabas da la'asar, ya yi baƙi ƙirin har mata su fara kwashe shanya, sai iska ta taso ta watsa shi, a wayi gari rana na dukan kwanon ɗaki. A irin wannan yammacin ne ina zaune a tabarma ina tsintar shinkafa, jikata Hauwa, wadda ta gama karatun jinya take neman aiki a ƙasar waje, ta fito tsakar gida da waya a hannu tana shirin jarrabawar magana da Turanci. Wayar ta yi mata tambaya, ita kuma ta amsa. Ranar a kan abinci suke. Na ji tana jero madara, ƙwai, kifi, wake, tana bayanin abin da kowanne yake yi wa jiki. Na ajiye faifan. Ta ce, "Hajiya, lafiya?" Na ce lafiya lau, zafi ne. Ba zafin ba ne. Ni ma na taɓa haddace sunayen nan, a shekarar da babu ko ɗayansu a gidanmu.

Shekarar farin nan ce ta saba'in da uku. Ina ajin ƙarshe a makarantar horon malamai ta mata, nesa da gida. Ƙauyenmu yana kusa da Ɗanzomo, a ƙasar Sule Tankarkar, kuma ni kaɗai ce mace daga can da karatu ya kai wannan matsayi. Baba manomi ne, gero da gyaɗa da ɗan wake. Bai iya boko ba, amma ya san cewa in na sami takardar malanta gwamnati za ta ɗauke ni aiki, gidan ya sami abin dogaro da bai jira damina ba.

Malamar da ke koya mana Turanci 'yar Indiya ce, gajeruwa mai tabarau, Misis muke ce mata. Ana gobe hutun damina ta shaida mana cewa in mun dawo wani Bature zai zo ya jarraba mu magana. Kowacce za ta shiga ita kaɗai ta zauna gabansa, kuma abinci da gina jiki yana cikin abin da zai tambaya. Ta cika allo da kalmomi muka kwafa. Birekfas shi ne karin kumallo, lanci na rana, dina na dare. Furotin mai gina jiki, kabohaidiret mai ba da ƙarfi, bitamin mai tsare cuta. In sun haɗu a kwano ɗaya, shi ne balans dayat. Ta ce rubutu ba zai cece mu ba a wannan karon, mu riƙa faɗinsu da ƙarfi kullum har harshe ya saba.

Tun a mota na fara ganin abin da ke jirana. Daga Gumel zuwa gida shanu ne kwance a gefen hanya, wasu sun mutu, wasu ba su ƙarasa ba, ungulu na tsaye suna jira. Muka yi ta wuce Buzaye da Fulani da suka tsallako ta Maigatari, mata da yara da 'yan ƙullin kaya, suna tafe kudu ba su san inda za su tsaya ba. Geron da ya kamata a ce ya ɓoye mutum iyakarsa gwiwa, ganyen ya nannaɗe kamar igiya. Yashin ƙasarmu kuwa, ko da takalmi sai ka ji zafinsa a tafin ƙafa.

A gida na tarar da yayata, Yaya Hanne. Mijinta ya tafi kudu neman aikin ƙarfi tun da bazara, ba labari, shi ne ta dawo wurin su Inna da 'yarta Uwani. Sunan Inna aka sa wa yarinyar, don haka Inna takwara take ce mata. Ba a daɗe da yaye ta ba, nonon ne ya ƙafe da kansa. Yarinya ce mai manyan idanu da son mutane, ta fara haɗa magana, komai ta ji sai ta maimaita.

Ga yadda yini yake tafiya a lokacin. Da asuba ni da Yaya mu tafi rijiya. Ruwan ya yi ƙasa har an ƙara wa guga igiya, abin da ke fitowa rabinsa laka, sai an ajiye ya kwanta. In mun dawo Inna ta dama kunun dusa, tsararo, ba tsamiya ba komai, kowa ya sha ludayi kaɗan. Daga nan matan unguwa su haɗu mu shiga daji tare neman ganye. Tafasa, yaɗiya, duk abin da ya yi kore. Da farko a bayan gari muke samu, daga baya sai mun yi tafiya har rana ta take. Muna kuma tsinko 'ya'yan anza, waɗanda ɗacinsu ba ya fita sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana zubar da ruwa, ga shi ruwan ma nemansa ake. Da yamma a dafa ganyen, a barbaɗa masa ɗan gari in akwai, a zuba a akushi. Baba yakan ci loma kaɗan ya ture, ya ce ya ci wani abu a waje. Duk mun san babu wani waje da ake cin abu.

Tsakanin azahar da la'asar, lokacin da zafi ke hana kowa motsi, shi ne lokacin karatuna. Sai in zauna a inuwar darbejiyar tsakar gida in yi ta faɗin kalmomin Misis da ƙarfi, yadda ta umarta. Kwanakin farko Inna tana daga bakin ɗaki tana saurare. Rannan ta ce, "Talatu, wannan da kike ta nanatawa, me yake nufi?"

Na ce, "Birekfas, Inna. Abincin safe. A sha shayi da madara, a ci burodi da ƙwai."

"Sai na gaba?"

"Lanci. Na rana. Shinkafa da wake da kifi, a ɗora da lemo."

"Duk a yini ɗaya?"

"Akwai ma na dare."

Ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce, "Mutum ɗaya? To Allah Ya ba su lafiyar ciki." Yaya Hanne ma ta yi murmushi, wanda rabon da in ga ta yi tun zuwana. Daga ranar abin ya zama kamar hira. In faɗi kalma, su tambayi ma'anarta, sai Inna ta kama labarin yadda ake dafa abin a shekarun ƙoshi, irin man shanun da ake zuba wa tuwo, irin furar da ake damawa ranar suna. Mu yi ta haɗiyar yawu muna dariya. Ban sani ba ko hirar tana rage yunwar ko ƙara ta take yi, amma kowa yana jiran lokacin.

Uwani tana zaune a cinyata duk lokacin da nake karatun. Cikin kalmomin duka guda ta kama. Na ce milik, wato madara, sai ta ɗaga kai ta ce, "Milik." Gidan ya kwashe da dariya, har Baba ya leƙo daga zaure ya ce, "A'a, takwarar Inna ta riga kowa zama Baturiya." Da ta ga ana dariya, sai ta riƙe kalmar. Ta ga kaza, milik. Ta ga Baba, milik. Daga baya kuma, da yake ba ta da wata kalmar da ke sa manya su juyo su kalle ta, in yunwa ta kama ta ita take faɗi.

A tsakiyar hutun aka yi ruwa guda mai ƙarfi. An riga an fita roƙon ruwa har an gaji. Ranar da hantsi gari ya yi duhu, iska ta kwanta, sai ga shi kamar da bakin ƙwarya. Ƙamshin ƙasa ya tashi, irin wanda yake shiga har maƙogwaro. Muka fito da tukwane da ƙore, yara suna tsalle tsirara, Inna ta tsaya a tsakar gida ruwa na dukanta tana hamdala. Washegari maza suka yi gayya, aka bi gonaki ana maimaita shuka inda ta mutu, da ɗan irin da aka ɓoye aka hana ciki. Baba ya dawo da laka har gwiwa, fuskarsa a sake. Tsiro ya fito kore shar. Muka zuba ido gabas. Ruwan bai sake dawowa ba. Tsiron ya yi fari, ya kwanta, iska ta binne shi.

Bayan wannan ne na fara lura da Uwani. Ta daina bin kaji. Gashinta ya yi laushi ya koma ja-ja, in an shafa sai ya biyo hannu. Ƙafafunta suka kumbura, kumatunta ma, har wata maƙwabciya ta ce yarinyar nan ita kaɗai take ƙiba a garin nan. Ni kuwa na san ba ƙiba ba ce, don na taɓa ganin hoton. Misis ta nuna mana irinsa a aji, ta sa mun maimaita sunan cutar har mun iya. Na danna ƙafar yarinyar da yatsa, wurin ya lotsa, bai taso ba.

Yaya Hanne tana kallona. Ta bari sai da muka fita rijiya, mu biyu, sannan ta ce, "Talatu, na ga yadda kika taɓa ta. Kin san abin da ke damunta."

Na ce, "Tamowa ce, Yaya. An koya mana."

"An koya muku maganinta?"

"Ba ta da magani irin na kwalba. Abinci ne."

"Wane iri?"

Na ci gaba da jan guga. Ta ajiye tulun ta ce, "Faɗa mini. Ba kullum kike faɗi a gindin bishiya ba?"

Na ce, "Madara. Ƙwai. Wake ko ƙuli-ƙuli. Kifi in an samu."

Ta daɗe tana kallon cikin rijiyar. Akuyarmu an sayar tun kafin in zo, kajin sun daina ƙwai sannan suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, gyaɗa kuwa ko irinta ba a mayar ba. Ta ce, "Shi ke nan abin da littafin ya ce? Bai faɗi abin da za a yi in babu ba?"

Na ce bai faɗa ba. Ta ɗauki tulunta muka koma gida. Daga ranar na daina karatu a gindin darbejiya. Nakan tafi bayan rumbu, wanda babu komai a ciki, in yi ta motsa baki ba sauti.

Ba zama muka yi ba. Yaya ta bi rugagen da suka saura da ƙwarya, ta tarar shanun da ke tsaye ba sa ba da nono ko na maraƙi. Baba ya ji ana rabon hatsin agaji a Gumel, ya tafi a ƙafa, ya kwana biyu a layi, ya dawo da 'yar jar dawa a ƙasan buhu. Inna ta ware ta don takwararta kaɗai, tana yi mata kunu mai ɗan kauri. Yarinyar ta kurɓa ta kau da kai. Ta daina kuka ma. Tana kwance a zanin uwarta, idanu buɗe, can sai ka ji ta ce, "Milik," a hankali, ba mai dariya.

Da hutu ya ƙare na ce ba zan koma ba. Na faɗa wa Baba a zaure, kaina a ƙasa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "In kin zauna, me za ki ba ta?" Inna ce ta ƙarasa maganar daga bayan zana. Ta ce, "Ki tafi, Talatu. A can ana ba ki abinci. Ludayinki na nan sai ya koma wurin wani." Ban taɓa jin Inna ta yi magana mai nauyin wannan ba, kuma gaskiya ta faɗa. Da zan fita na ɗauki Uwani. Duk da kumburin, ba ta fi nauyin kaza ba. Ta kama mini ɗan kunne ta riƙe, sai da Yaya ta ɓamɓare yatsunta.

A makaranta ana buga ƙararrawa a ba mu koko da safe, tuwo da miya da rana, wani lokaci har da ɗan nama. Ranar farko na cinye nawa kafin 'yan teburinmu su gama zama, sannan na fita bayan ɗakin cin abinci na amayar da shi. Yanzu in na ga yara sun bar shinkafa a faranti suna cewa ba nama, ba na yi musu faɗa. Tashi nake in kwashe in rufe.

Ranar jarrabawa aka jera mu a baranda cikin fararen kaya. Wadda ta fito sai a rufe ta da tambaya, ta ce ba wuya, cewa yake ka faɗi abin da ake ci a gidanku daga safe zuwa dare. Kowacce ta riga ta shirya amsarta, shayi da burodi, shinkafa da kifi, ko da kuwa ba ta taɓa ganinsu a gidansu ba. Ni ma na shirya irin wannan.

Na shiga. Baturen dattijo ne, fuskarsa ta yi ja saboda zafi, yana fifita da takarda. Misis tana zaune a gefe. Ya tambayi sunana da garinmu, na amsa daidai. Ya ce in gaya masa abin da furotin yake yi a jiki, na gaya masa. Ya gyaɗa kai ya rubuta. Sannan ya ce, to, a hutun nan da ya wuce, me kuka riƙa ci a gida?

Na buɗe baki in fara da shayi da burodi, abin ya ƙi fita. Na ji kaina ina cewa da Turanci, da safe muna shan kunun, sai na tsaya, don ba a koya mana sunan dusa ba. Na faɗe ta da Hausa. Na ce da rana ba ma cin komai. Da yamma muna cin ganye, tafasa da yaɗiya da anza, su ma da Hausa na faɗa. Ya daina fifita. Ya ce mene ne anza? Na ce ɗan itace ne mai ɗaci, akuya ma ba ta so. Ya dubi Misis, Misis ta dubi ƙasa. Ya ce mutum nawa ne a gidan? Na lissafa masa, na zo kan Uwani. Daga nan Turancin ya zo mini da kansa, wanda na haddace da wanda ban san na iya ba. Na ce 'yar yayata tana da shekara biyu, gashinta ja ne, ƙafafunta sun kumbura, tana buƙatar furotin, tana buƙatar madara. Na faɗi sunan cutar yadda aka koya mana, ban yi kuskure ba. Bai sake tambayata komai ba. Ya ce na gode, kina iya tafiya.

Na fito da yaƙinin na faɗi jarrabawar. Da yamma Misis ta aika a kira ni gidanta. Na zaci faɗa za ta yi mini na sa Hausa a jarrabawar Turanci. Ta ce in zauna, ta shiga ciki, ta fito da babban gwangwanin madarar gari, sabo, ba a fasa ba. Ta ɗora mini a cinya ta ce in kai wa yarinyar. Ta ƙara da cewa kada in damu da jarrabawar. Na sa shi a ƙasan akwatina na rufe da zannuwa. Kullum kafin in tafi aji sai na sa hannu na taɓa shi.

Aka ba mu hutu bayan kaka, kakar da ba a ji sautin sussuka a ko'ina ba. Daga Gumel na ɗora akwatin a ka, ban yarda kowa ya taya ni ba. Na yi sallama a zaure, Baba ya amsa, ya ce, "Malama ta dawo." Ya tambayi hanya, ya tambayi jarrabawa, ya ce in shiga ciki. A tsakar gida Inna tana tankaɗe. Yaya Hanne tana zaune a bakin ɗaki, bayanta ba goyo, cinyarta ba kowa. Na duba inuwar darbejiya, na duba ɗakin Inna.

Inna ta ce, "Zauna ki sha ruwa tukuna."

Na ce, "Ina Uwani?"

Ta ajiye rariyar. Ta ce, "Takwara ta koma, Talatu. Ba ki daɗe da tafiya ba. Babanku ya ce kada a aika miki, kina da jarrabawa."

Sai na gane cewa ranar da nake zaune gaban Baturen nan ina ce masa tana da shekara biyu, tana buƙatar madara, ƙasa ta riga ta bushe a kanta.

Ban san lokacin da na buɗe akwatin ba. Na fito da gwangwanin na riƙe, na rasa inda zan ajiye shi. Yaya Hanne ta miƙo hannu na ba ta. Ta jujjuya shi, ta shafa hoton jaririn da ke jiki da babban yatsa. Na jira ta yi kuka ko ta jefar da shi. Sai ta ce, "Rubutun nan na baya, me ya ce?"

Na ce, "Yadda ake damawa ne."

"Karanta mini."

Na karanta da Turanci ina mayar mata da Hausa. A tafasa ruwa, a bari ya huce. A zuba garin daidai cokali, kada a cika. A dama har gudajin ya narke. Ta tashi ta hura wuta, ta bi abin da na faɗa ɗaya bayan ɗaya, ta dama a ƙaramin ƙoƙo. Ƙamshin madarar ya cika gidan, Inna ta juya mana baya. Yaya ta yafa mayafi ta ce in biyo ta.

A bayan gari, gindin wata aduwa, akwai wata Buzuwa da ta yada zango tun damina, mijinta ya rasu a hanya. Ba ta jin Hausa sosai. Tana da ɗa namiji, kusan sa'an Uwani, gashinsa ya fara ja. Yaya ta durƙusa, ta karɓi yaron ta ɗora a cinyarta kamar ta saba, ta sa masa ƙoƙon a baki. Ya ƙi da farko, sannan ya kama da hannu biyu. Muna ji yana haɗiya. Uwar tana ta magana da harshensu, hawaye na zuba, Yaya ba ta ɗaga kai ba.

Da ya shanye, ta goge masa baki da gefen mayafinta, ta ci gaba da riƙe shi. Rana ta yi ƙasa, na ce, "Yaya, mu tafi gida."

Ta ce, "Je ki, Talatu. Bari ya yi barci tukuna."